Kangwa Nkole, Mai Tsayar da Ranar Ƙunar Daji

Haihuwa da Tasowa

An haifi Kangwa Nkole a shekarar 1947 a ƙauyen Nsalamo da ke yammacin Mpika. Mahaifinta Nkole Chomba maƙeri ne, mahaifiyarta Mumbi Kasonde kuwa 'yar dangin Naman Kaza ce, wato laimar kwaɗi, dangin da Kangwa ta gada, domin a can ta wajen uwa ake gadon dangi. Ta taso a hannun kakarta, ɗaya daga cikin matan da sarki ke shawarta kafin a sa wa daji wuta. A zamanin, watan Yuni, farkon rani a can, ake ƙuna, ciyawa da sauran danshinta, wuta ta yi ta rarrafe ta mutu da yamma. In aka bari sai Oktoba, lokacin da daji ya bushe ƙurmus, takan hau bishiya ta cinye sabon ganye da ƙwan ifishimu, tsutsar da ita ce naman gari tun daga Nuwamba. Kakar takan lanƙwasa ciyawa kusa da kunnen jikarta ta ce, "In ta yi shiru, da saura. In ta ce ƙas, kin makara, 'yar boko."

Karatu da Aiki

Ta shiga makarantar mishan a 1955, ta yi horon aikin gandun daji a 1966, aka ɗauke ta mai kula da ma'aunin ruwan sama a wani ofishin gandun daji a 1968. An koya mata cewa ƙunar daji jahilci ce, kuma shekarar da aka sha ruwa ba a fargabar gobara. Haka ta rubuta a jarrabawa, ta kuwa ci. Sai dai ta shafe shekara goma tana rubuta abu uku a littafinta: yawan ruwan damina, tsawon ciyawa a watan Afrilu, da ranar da raɓa ta ɗauke iskar gabas ta kankama. Da ta jera su gefen gobarar kowace shekara, sai ta ga amsar da ta ci jarrabawa da ita ƙarya ce.

Aure da Iyali

A 1971 ta auri Lombe Mutale, malamin firamare, wanda yakan ce wa baƙi, "Ku shigo a hankali, ciyawar da ke kan teburin nan ta fi ni daraja a gidan." Ya rasu a 1996.

Shekarar Kora

A daminar 1978 an yi ruwan da ba a saba gani ba, ofis kuma ya hana ƙuna gaba ɗaya. Kangwa ta kai wa shugabanta lissafinta, ta ce, "Yallaɓai, ruwan da kake murna da shi ai ya tsiro, ga shi can ya fi ka tsawo."

Ya ce, "Ruwa aka ɗauke ki ki auna ko duba?"

Ta wuce wurin sarkin Nsalamo, aka ƙona dajin garin ranar 12 ga Yuni. A watan Agusta aka sallame ta. A Oktoba wuta ta taso daga gabas, ta kwana uku tana ci, ta lashe dajin ƙauyuka huɗu, ta zo bakin na Nsalamo ta rasa abin kamawa. Ba a mayar da ita aiki ba. Rahoto ya ɗora laifin a kan sakacin manoma. Tun daga nan ita ke tsayar wa garin ranar ƙuna.

Shekarun Girma

A 2004 wasu masu bincike suka kwafe littattafanta, suka haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam, suka fitar da taswirar hasashen gobara. Aiki ne mai kyau, ita ma ta yaba. A shafin godiya dai an kira ta "wata mazauniyar yankin". Ta gano kuma kunnen kakarta ba ya isa shi kaɗai, domin raɓa ta fara ɗaukewa da wuri fiye da da, don haka ta riƙa matso da ranar.

Rasuwa da Jana'iza

Ta rasu ranar 9 ga Yuni, 2019, tana da shekara saba'in da biyu. Ranar da ta tsayar don ƙunar shekarar, 11 ga wata, ita ce ta zama ranar binne ta. Dattawa suka ce ba a sa wuta ana makoki, a ɗaga sati biyu, alhali littafinta ya nuna iska za ta taso kafin nan.

Kabwe Sampa na dangin Ruwan Sama, abokan wasan danginta kuma masu haƙa musu kabari, ya ɗago daga cikin ramin ya ce, "Ku ɗaga mana! Amma ku zo ku gaya mata da bakinku. Tsohuwar da ta gagari ofis, ku za ta ƙyale? Ni dai ban yi ramin da zurfin da zai riƙe ta ba."

Aka yi dariya da hawaye, sarki ya ba da izinin ƙuna. An binne ta da safe a makabartar danginta.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Chisanga, Musonda, Katongo, da Mumbi, wadda littattafan ke hannunta. A shafin 11 ga Yuni, rubutun uwar ne a sama: "Ranar wuta." A ƙasa na Mumbi ne: "Mun binne Inna. An kunna wuta ƙarfe huɗu na yamma. Ta mutu da kanta kafin faɗuwar rana."