Kwaɗo a Tankin Fawwaz

A unguwar Jabal Nuzha da ke Amman babu wanda bai san bakin Umm Ziyad ba. Gajeriyar tsohuwa ce, shekararta saba'in da huɗu, gwiwoyinta sun daɗe da yi mata tawaye. Mijinta ya rasu ya bar mata bene hawa uku da bishiyar lemun tsami da ya dasa a tsakar gida. Mai sayar da gas ma yakan rage mata kuɗi tun kafin ta buɗe baki, don ya samu lafiya.

Ruwan famfo ranar Laraba kawai yake zuwa, kowa ya cika tankinsa a kan rufi. A takardar haya ita ta ɗauki nauyin kuɗin ruwa, tun zamanin da abin bai taka kara ya karya ba. Bana kuɗin ya ninka. Ga kuma Fawwaz, mai shimfiɗa tayil da ke hawa na uku: bayansa ya riƙe, aiki ya tsaya, wata biyar bai biya ko dinari ɗaya ba, ga mata da 'yan biyu masu shan nono.

Da ɗanta Ziyad ya zo hutu daga Dubai ya duba takardu, sai ya fusata.

"Umma, gidan marayu kika buɗe? Wa'adin hayarsa da saura wata shida, to ƙishirwa ta kore shi."

Ya datse bututun da ke kai ruwa tankin Fawwaz, ya danna masa kwaɗo, ya tafi da makulli a aljihu.

Fawwaz ya zauna jiran ranar da famfo zai ƙafe, kunya ta hana shi ko gaishe ta. Mako ɗaya, biyu, har huɗu, ruwa bai ɗauke ba. Abin ya ɗaure masa kai. Wata Alhamis da hantsi ya dafa bango ya hau rufi.

Can ya same ta, durƙushe kusa da tankinta da ke kan dakali, tana tsotsar bakin tiyo har ruwa ya taho, sannan ta cusa shi cikin nasa tankin. Matakala sittin da biyu ta hawo da waɗannan gwiwoyi. Sai a lokacin ya tuna ganyen lemun nan ya yi wata guda yana zuba, shanyarta ma ta daina fitowa.

"Hajiya..."

"Me kake kallo, ba ka taɓa ganin tiyo ba? Riƙe nan, raggo."

"Amma Ziyad ya ce..."

"Cewa ya yi kada in taɓa kwaɗo. Ka ga na taɓa?"

Ya riƙe tiyon, hawaye na bin gemunsa. Ta harare shi.

"Kada ka ɗauka na yafe maka haya. Dinari ɗari bakwai da hamsin, ko a kabari nake za ka kawo. Amma ruwa ba ni na halicce shi ba, balle in hana jarirai."

Daga ranar, duk ruwan da aka yi wa 'yan biyu wanka da shi, Fawwaz ne ke sauko da shi a bokiti, matakala ɗaya bayan ɗaya, ya juye a gindin lemun. Ita kuwa tana daga taga tana masa faɗa wai yana zubar da rabi a hanya.