Darar Dabino Cikin Azumi

Na miƙa hannu zan ci ɗan maƙwabciyata Rahila a dara, sai ta ce, "Ƙawa, kin san doka: wadda ta ci ɗa, nan take za ta tauna shi."

A Galma ne, shekarun casa'in. Da dabino da gujiya muke wasan, wadda aka kada ita ke dakan gidaje biyu. Ina azumi, ita kuwa Kirista ce, har ta tauna dabinona huɗu.

"To, mi kike jira?"

"Tunani nake," na ce a hankali.

Ban gama tunanin nan ba sai da aka kira magariba. Na yi bismilla, na buɗe baki da gujiyarta. Daga nan na kada ta, washegari ita ta sha daka.

Jama'a, ku gaya mini, dabara na yi ko in nemi gafararta?