Wankan Amaryar Agwagi

A gidan hayar da na tashi a Gyaɗi-Gyaɗi, murhun kakata Inna Kulu yana jikin katanga, kusa da ɗakin su Rifkatu. In an sauke tuwo bayan magariba, Inna ba ta kashe wutar. Sai ta jera mana masara a kan garwashi, mu yaran gidan mu zagaye ta. Rifkatu 'yar Malam Yohanna ce, malamin firamare mutumin Kagoro, kuma kullum tabarma ɗaya muke zama da ita.

Wata shekara biki biyu suka haɗu a gidan. An yi kamun Anti Binta, ƙanwar mahaifina, aka fesa mata turare, aka sa ta a lalle. Ba a daɗe ba aka yi wa Saratu, yayar Rifkatu, taron sallama. Matan zumunta na cocinsu suka zo da anko, suna kaɗa tulu suna waƙa, amarya na tsakiyarsu fuska a buɗe tana rawa.

Na ce wa Rifkatu, "Wannan ai ba biki ba ne. Ko lalle ba a sa mata ba."

Ta ce, "Ku fa? Kun lulluɓe amarya tana ta kuka kamar an yi mutuwa."

Muka daina magana. Da dare ya yi kowacce ta ja tabarmarta gefe. Inna ta dube mu, ta juya masara, ta ce, "To, ga wata tatsuniya nan ta shigo, wa zai tare ta?" Yara suka ce, "Mu ne, Inna!"

Wai zabo ne ya ga 'yar agwagi ya ce yana so, ita ma ta ce tana so. Aka sa rana. Ana gobe ɗaurin aure, dangin amarya suka ce za su kai ta kududdufi su yi mata wanka, haka suka gada. Zabi suka ce Allah ya kiyaye, wa zai tsoma musu amarya a ruwan kwata? Su a wajensu toka ake tarawa, amarya ta yi birgima a ciki. Inna kan maƙale murya in tana kwaikwayon uwar ango: "Ƙazamai! Ƙazamai!" Sai kuma ta karkace tana tafiyar agwagwa a zaune, har Rifkatu ta kasa riƙe dariyarta.

Rigima ta yi zafi, aka fara cewa a fasa. Sai ga tsohuwar kazar gidan, wadda ita ta kwanta a kan ƙwan ango da na amarya duka. Ta tambayi kakar amarya, wankan nan na mene ne? Ta ce, "Don ta san da hannunmu a jikinta za ta tafi, ba marainiya ba ce." Ta tambayi kakar ango, tokar fa? Ta ce, "Don ta san ta shigo cikinmu, ba baƙuwa ba ce." Amarya da kanta ta ce a yi mata duka biyun. Aka tsoma ta a ruwa, tana fitowa ta faɗa toka, ta miƙe jikinta ɗigo-ɗigo. Ango ya ƙura mata ido ya ce, "Wallahi sak babata!"

Muka kwanta da dariya. Inna ta ce, "Nan ta ƙare, wanda ya ƙaryata ya tambayi kazar." Ta karya masara ɗaya biyu, ta miƙa mana ni da Rifkatu. Washegari ni na shafa wa Rifkatu ragowar lallen Anti Binta a tafin hannu, ita kuma ta koya mini kaɗa tulu da botikin wanka.

A lokacin dariyar kawai na ɗauka. Sai bara, da ɗana Sadiku zai auri wata yarinya Babarbariya a Tarauni, na gane tambayar kazar nan ita ce gaba ɗayan tatsuniyar. Danginta suka gayyace mu wushe-wushe. Yayata ta ja ni gefe ta ce, "Wai ba kamu? Mene ne kuma wannan?" Na ji ni ma zuciyata ta fara karkata. Sai na je na durƙusa gaban kakar amarya na ce, "Hajiya, a gafarce ni, ban san al'adar ba. Me ake nufi da shi?"

Ta ce, "Sannu da zuwa ce, 'yata. Ku za mu yi wa maraba kafin mu ba ku yarinyar."

Ashe mu da muke gunaguni, don mu aka haɗa taron. Aka buga ganga, tsohuwar ta kamo hannuna ta ja ni fili. Ban iya rawarsu ba ko kaɗan, ƙafata daban, kiɗan daban. Ta yi ta dariya har da hawaye, amma ba ta saki hannuna ba sai da makaɗan suka gaji.