Shanun Taubashina da Jan Kashe

Akwai wata ranar kasuwar Kanan-Bakashe da ba za ta fita raina ba har a rufe ni.

Ku fara sanin da wa kuke magana: ni babban masani ne. Aji huɗu na yi a lakkol kafin mushe, malaminmu, ya gaji da ni. A ƙauyenmu wannan ya isa a riƙa kawo mani kowace takarda.

Ran nan wani baƙo mai tsabtar takalmi ya zo tallar kuɗin kirifto. Ya ce a wani littafin intanet ake rubuta su, wanda ba ya gogewa, ko gwamna bai iya taɓa shi. Ka zuba da rani, ka kwashi ninki kafin shuka.

Taubashina, ɗan kawuna, yana gefena. Tun muna yara ba ya kirana sai da “bawana”, ni ma haka. Shanun huɗa biyu gare shi, su ne duk ƙarfin gidansa. Ya yi wa baƙon tambayar da ake yi a kara, kasuwar shanu: “Wa ne dillalinka?” Don mu ba mu sayen sa a hannun baƙo sai dillali ya tsaya masa. In na sata ne, ƙofar dillali za a buga.

Baƙon ya yi dariya. “Baba, ai don a huta da dillali aka yi kuɗin nan.” Ya fiddo takarda.

Taubashina ya miƙo mani. “Bawana, duba mani da guntun bokon nan naka.”

Na gyara tabarau. Kalma uku na gane a Faransancin, amma na ga jan kashe, wato hatimi, a ƙasa, kuma mutane na kallona. Na ce, “Mai kashe ce. Ta hukuma ce.”

Kafin la'asar shanun sun bi wani, kuɗinsu sun bi baƙon.

Wata guda lambobi na hawa a wayarsa, yana cewa zai saye ni ya ɗaura wa amalanke. Ana saura kwanaki ruwan shuka, abin ya daina buɗewa. Muka je Mayahi. Jandarman da ya saurare mu ya juya takardar, ya ce a hankali, “Baba, irin kashen nan a kasuwa ake sassaƙa shi. Ba suna, ba gida. Wa zan kamo?”

Daminar nan da hauya ya yi noma, rabin gonar ya koma ciyawa. Bai taɓa zargina ba. Sai dai tun daga ranar ya koma ce mani “Malam”, cikin ladabi, kamar baƙo. Na tsokane shi har na gaji. Har ya rasu, “Malam” ɗin ne a bakinsa.

To, depitocinmu na majalisa masu cikakken boko, ga shawarar ɗan aji huɗu. Ban ce ku hana kuɗin nan ba, na ga ƴan ci-rani na aiko da nasu ta nan lafiya. Ku zo kara ku ga doka. Duk mai tallarsa ya zamo da wanda ya tsaya masa, mai suna, mai ƙofar da za a buga, a kuma faɗi sunayensu a rediyo da Hausa.

Ni kuwa na koyi kalmar da mushe bai koya mani ba. Yanzu in an kawo takarda, sai in cire tabarau in ce, “Ban gane ba.” Da na faɗe ta ran nan, da har ya mutu ni bawansa ne.