Yadda Mahaifina Ya Ci Gwajin da Ya Kamata Ya Faɗi

Shekarun baya masu nisa, lokacin da soja ke shirin miƙa ƙasa ga farar hula, kamfanonin kuza na Jos kuma suna ta rage ma'aikata, ina koyarwa a wata makarantar firamare ta mishan, ina zaune kusa da iyayena a Laranto. Duk waɗanda wannan labari ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, sai ni kaɗai, saboda haka zan faɗe shi yadda ya faru, ba ƙari ba ragi. Mai gaggawa yana iya wucewa. Ba a koya mini ba da labari a guntule ba.

Mahaifina heluma ne a wani kamfanin kuza. Shi ke kula da mutanen da ke aiki a gindin babban injin da ke zuƙo ruwa da tsakuwa daga rami. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da injin nan ba, ba zai gane ƙararsa ba: ko ka sa baki a kunnen mutum ka yi ihu, iska ka yi wa. Don haka ma'aikatan wurin ba da baki suke magana ba. Da kafaɗa suke yi, da gira, da motsin yatsa. Mahaifina yakan hango mutum a can ƙasan rami, ya san zai nemi a kashe inji tun bai ɗaga hannu ba. A haka ya ƙare ƙuruciyarsa, injin kuwa yana cin kunnuwansa a hankali kamar yadda gara ke cin azara.

Shi ma ɗan makarantar mishan ne, cikin na farko-farko, irin waɗanda aka koya wa cewa layin da aka ja ba da rula ba ƙaramin zunubi ne. Bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Ranar Lahadi shi ke ba da waƙa a majami'armu. Shi zai ɗauko baiti, jama'a su bi. Wannan matsayi ya fi masa helumanci daraja nesa ba kusa ba.

To, sai waƙa ta fara rabuwa biyu. Wata Lahadi jama'a sun kai Amin sun zauna, shi kuwa yana tsaye, ido a rufe, yana tsakiyar baiti shi kaɗai, da dukan ƙarfinsa. Bayan an tashi, dattawan ikilisiya suka kira ni gefe. Cikin ladabi suka ce idan ba a samo wa kunnen Baba magani kafin Kirsimeti ba, dole su ba wani matashi littafin waƙa. Na tambaye su ko sun gaya masa. Suka dubi juna, suka dubi takalmansu.

Ban ga laifinsu ba. A gidanmu ba a ɗaga wa Baba murya. Ɗiya takan durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Wato mun haɗa wa mutum abubuwa biyu: ba ya jin muryarmu, ba ya kuma ganin bakinmu. Mun daɗe muna yi masa ladabi, shi kuma yana gyaɗa mana kai.

Na sami labarin cewa kamfani ya yi wa tsofaffin ma'aikatansa inshorar lafiya, sai na tafi ofishinsu na zauna gaban akawu. Na sa ya maimaita mini sharuɗɗan har sai da ya fara duban ƙofa. Gwajin kunne, inshora ce ke biya, sau ɗaya a shekara. Na'urar ƙara ji ma ita ke biya, amma sai likitan kunne ya tabbatar cewa ji ya ragu. Batir kuwa na mai kunne ne. Kuma duk wannan sai mutum yana cikin ma'aikata. Mahaifina kuwa zai yi ritaya a ƙarshen Disamba. Daga Ingila ake kawo na'urar, albashin malamar firamare ba ya ko kallon inda take. Likitan kuma ba mazaunin Jos ba ne, jefi-jefi yake zuwa wani asibiti da akwatin gwajinsa.

Akawun ya ce, "A taƙaice dai, madam, oga sai ya faɗi kafin mu biya."

Na ce masa ya gyara harshensa, ba a haɗa mahaifina da faɗuwa a jimla ɗaya.

Da na koma gida na durƙusa, na sunkuyar da kai, na yi wa Baba bayani filla-filla, sharaɗi bayan sharaɗi, da muryar da ta dace da 'ya. Ya gyaɗa kai a duk inda ya kamata. Daga baya na gane abu ɗaya ne kawai ya isa gare shi: za a gwada shi. Ranar zuwan likita ya fito da kakinsa ya sha guga har yana iya yanka hannu, takalmi yana walƙiya, alƙalami biyu a aljihu, ko da ɗaya zai ƙi rubutu.

Gwajin ba wuya. Wata yarinya ma'aikaciyar jinya ta zaunar da shi ya ba ta baya, ta ɗora masa wasu abubuwa kamar kofuna a kunnuwa biyu, ta nuna masa da hannu cewa duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ita kuma ta koma bayansa tana danna maɓalli a jikin akwati. Ina zaune a benci a waje, ina hangensu ta ƙofa. Tana dannawa, hannun Baba yana tashi, tsaf, kamar na soja a fareti. Ko sau ɗaya bai makara ba. Ni da na san sharaɗi, ni da na ji daga bakin akawu, sai na ji kaina yana kumbura. Har na juya na ce wa matar da ke kusa da ni, "Mahaifina ne."

Likita ya duba sakamako, ya ce duk yawonsa bai taɓa ganin dattijo mai kunne irin wannan ba. Ya ce, "Barka, Baba." Baba yana ɗaure igiyar takalmi, bai amsa ba. Layi yana da tsawo, likita bai kula ba.

Da muka biya ofis, akawu ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau. "Madam, oga ya ci ɗari bisa ɗari. Kunnensa ya fi nawa. Inshora ba ya saya ma mai gudu sanda."

Tasi ya sauke mu a bakin kasuwar Laranto, rana tsaka, cunkoso ya yi cunkoso. A nan Baba ya kasa riƙe farin cikinsa. Da babbar muryar nan ta wanda ba ya jin kansa ya ce, "Malama, kin ga yarinyar nan? Kafaɗarta ke tona mata asiri. Akwai kabad ɗin magani mai gilashi a gabana, ina ganinta tas. Kafin ta danna, sai kafaɗar dama ta ɗan sauka. Da a rami take, da na gyara mata."

Na tsaya cak. Na ce ƙasa-ƙasa, "Baba, wannan ai satar amsa ce."

Ya gyaɗa kai, yana murmushi, kamar mai karɓar yabo.

Na ɗan ƙara murya. Ya sake gyaɗawa.

Sai na tuna Disamba, na tuna dattawa suna duban takalmansu. Na ajiye tarbiyyar rayuwata duka a gefen titi, na ɗauko muryar da nake tsai da makaranta guda da ita a filin taron safe.

"BABA, KA YI SATAR AMSA!"

Kasuwa ta yi tsit. Mahauci ya tsaya da wuƙa a sama. Direban tasin da ya kawo mu ya leƙo ta taga ya ce, "Haba Baba, da furfura? Wace jarrabawa ce haka?" Wata mai sayar da dankalin Turawa ta dafa ƙirji ta ce, "Ke! Uban naki? Allah ya shirye ki, ga ki kamar mai hankali."

Tun da ruwa ya riga ya zube, sai na ƙarasa. Na tsaya a gabansa, ido cikin ido, na karanto masa sharuɗɗan inshorar nan kaf da ihu: wanda ake biya, da lokacin da ake biya, da dalilin da ya sa cin gwajin nan ya raba shi da na'ura, zai kuma raba shi da littafin waƙa. Da na tsaya shan iska, direba ya ce, "Madam, batir fa?"

Na ce, "BATIR NASA NE!"

Baba ya kau da kai. Ya gyara zaman hularsa, ya wuce gaba, na bi shi a baya kamar akuyar da aka sayo.

Kwanaki suka wuce ba ya yi mini magana. Mahaifiyata ce ta zama 'yar aike tsakaninmu. Ranar farko ta ja ni kicin ta ce, "Kin yi rashin kunya irin wadda ban taɓa gani ba." Ta leƙa waje, ta dawo. "Amma kin huce mini haushi. Tun yaushe nake son in yi ihun nan."

Abin mamaki, maganar kunne ba ta dame shi ba. Kalmar sata ce ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya aiko mahaifiyata: "Malam ya ce a gaya wa Malama, ido ma Allah ne ya ba shi." Na ce ta koma ta tambaye shi abin da ya yi wa ƙanina ranar da ya leƙa allon na kusa da shi a makarantar Lahadi, shi ma ai da idon da Allah ya ba shi ya leƙa. Mahaifiyata ta ce ita ba za ta iya faɗin wannan da ihu ba. Ta kamo ƙanina, wanda a lokacin ya zama magidanci, ta tsai da shi gaban Baba, ta kwatanta allo da hannu, ta nuna kunnen da Baba ya murɗe masa a ranar. Ba a aiko da amsa ba.

Disamba ta kama, aka ce likita zai yi zuwansa na ƙarshe a shekarar. Da safe na ji ana ƙwanƙwasa ƙofata. Baba ne, kaki ya sha guga, mahaifiyata a bayansa. Babu alƙalami a aljihu. Ya ce, "Mu je."

A asibiti bai jira a tambaye shi ba. Ya cire hula, ya tsaya gaban likita, ya yi shela har na ƙarshen layi ya ji: "Likita, na zo a soke sakamakona. Ba da gaskiya na ci ba." Ya bayyana yadda ya yi, har da kwaikwayon kafaɗa. Likita ya yi dariya har da share hawaye. Yarinyar nan kuwa kamar ƙasa ta tsage ta shige. Baba ya ce mata, "Ba laifinki ba ne, 'yata. Amma ki daina sauke kafaɗa." Na tuna wa likita cewa gwaji ɗaya inshora ke biya a shekara. Ya ce na farko ya lalace, wanda ya lalace kuwa ba gwaji ba ne, haka zai rubuta, kuma gaskiya ce.

Baba da kansa ya juya kujera ta fuskanci bango. Ya cire tabarau ya miƙa wa mahaifiyata, ya rufe ido, ya ɗora hannu a gwiwa. Yarinya ta danna. Ta ƙara ƙarfi ta danna. Ta koma ɗaya kunnen. Ina kallon hannun nan da ya rene mu, yana kwance a gwiwa, bai motsa ba. Ban san nisan shirun da muka bar shi a ciki ba sai ranar. Can sai ya ce, ido a rufe, "Ku fara mana, ai na shirya."

Babu wanda ya yi dariya. Likita ya dafa shi, ya cire masa kofunan. Baba ya dube ni. "Na faɗi?"

Na ɗaga murya na ce, "Ka faɗi, Baba."

"Sosai?"

"Sosai."

Ya yi ajiyar zuciya. "Madalla. Abin da za a yi, a yi shi da kyau."

Na'ura ta iso ana jajibirin Kirsimeti: ɗan akwati da ya ɗan fi kwalin ashana, a aljihun gaba, da siririyar waya zuwa kunne. Maƙwabta suka ɗauka rediyo ce, suna tambayarsa labarin duniya.

Ranar Kirsimeti majami'a ta cika maƙil. Baba ya miƙe, ya ɗauko baiti, jama'a suka bi. Ba a kai tsakiya ba ya ɗaga hannu. Aka yi shiru. Na ce a raina shi ke nan, batir ya mutu.

Ya ce, "Tun yaushe kuke waƙa haka?"

Fasto ya rufe fuska da littafi.

"Maza suna jan ƙafa. Mata suna gudu kamar an biyo su. Sannan akwai wani tsoho mai murya kamar ƙofar langa-langa, shi ke ɓata komai." Ya waiga yana neman tsohon. Sai ya yi tsai, ya taɓa akwatin da ke aljihunsa, ya yi gyaran murya ya saurara. "Ashe ni ne."

Ya taka da kansa, ya miƙa littafin ga matashin da dattawa suka zaɓa, ya ce masa ya fara daga farko, kuma kada ya yi sauri. Ya koma ya zauna a bakin bencin maza, daidai inda hanya kawai ta raba shi da mahaifiyata. Har aka gama, kansa yana karkace wajenta. Da aka fito ya ce mata, "Maman yara, har yanzu kina jan Amin fiye da kima." Ta ce, "Na yi ta ja ne ko wata rana za ka ji," sannan ta shige cikin mata da sauri, tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Yau na wuce shekarun da mahaifina ke da su a lokacin. Ban ce ku yi wa iyayenku ihu a kasuwa ba. Ku yi a cikin ɗaki, ku rufe taga. Amma ladabin da zai bar mutum shi kaɗai cikin shiru, a sake masa suna. Kuma kafin ku je gwaji, ku tambayi mai inshora abin da zai biya, da sharaɗinsa, da ranar da zai daina. Ku tambayi batir.

Bara 'ya'yana suka fara yi mini magana ƙasa-ƙasa, ni kuma na kama kaina ina gyaɗa kai. Na sa aka kai ni gwaji. Kafin a fara, na juya kujera ta fuskanci bango, na cire tabarau na miƙa wa yarinyar da ke riƙe da na'ura. Ta ce, "Mama, ai ba ido za mu gwada ba." Na ce ta riƙe dai, na san gidan da na fito.

Na faɗi. Sosai.