Baƙin Mai a Gidan Tarihi

Har yau in na ji ana yabon tsofaffin gidajen katako na Alƙahira, raina ɓaci yake. Na zauna a ɗaya, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mijina ne ya samo mana shi lokacin yana karatu, a wani lungu bayan unguwar Ataba. Ƙasansa dutse, samansa katako aka yaɓe da farar ƙasa, tagoginsa sassaƙaƙƙu masu ƙananan huda. A jikin katakon rufin an zana furanni ja da shuɗi. Kyan ɗan maciji ke nan, domin ƙwari sun cinye cikinsa. Kullum da safe sai na karkaɗe garin katako daga shimfiɗar 'yata, tana wata biyar, tana tari har numfashinta ya sarƙe. Ba abin da nake tsoro kamar tarin nan.

Na sami tsohon da ya ba mu hayar, na ce, “Ya Hajji, ƙwarin nan za su kashe min yarinya.”

Ya ce, “Ma'alish, ya binti, sai haƙuri. Gidan tarihi ne, ko ƙusa ba a bugawa.”

Amma duk mako sai ya kwaso Turawa daga unguwar Ma'adi, su shigo min ɗaki da takalma, su ɗaga kai sama suna ɗaukar hoto. Ba wanda ya taɓa duban ƙasa, inda yarinyar take kwance.

A garinmu in gara ta kama azara, babana baƙin mai yake shafa mata, shi ke nan. Na je wajen bakaniken bakin titi, ya cika min gora. Na kai yarinyar wajen maƙwabciyata 'yar Sudan, na hau tebur da tsumma, na bi katakon nan kaf, furannin da komai. Ɗakin ya yi wari kamar gareji, amma garin ya daina zuba.

Da tsohon ya zo da baƙinsa ya ɗaga kai, sai ya dafe bango. Wallahi kuka ya yi da hawaye, yana cewa kakan kakansa ya sa aka zana. Mutumin da bai taɓa tambayata ya jikin 'yata ba! Ya dubi mijina ya ce, “Khalas, ya isa, ku fita.” Mijina ya yi ta ba shi haƙuri. Ni ko ban ga laifin da na yi ba.

Muka koma Giza, wani bene na siminti mai muni kamar akwati. A can tarin ya bar yarinyar.

Bara na bi ta lungun. Ta taga na hango rufin, an kankare man tas, furannin sun dawo. A jikin tagar kuma wata ta shanya rigunan jariri.