Jirgin da Baba Ya Ƙera wa Auta

Shekaranjiya na kai butar shayinmu wurin mai liƙi a bakin tashar Bodinga. Yana ɗora ƙarfe mai zafi a kan dalma, hayaƙin ya bugi hancina. Na tsaya ina kallonsa har ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ba zan iya gaya masa cewa warin nan ya mayar da ni zauren gidanmu ba.

Shekarata tara lokacin da Baba ya dawo gida gaba ɗaya. Kafin nan gyaran jikin mota yake yi a wani kamfanin gina hanya a Sakkwato, sai ranar Juma'a muke ganinsa. Zamanin mulkin farar hula ne, rediyo ba ta da zance sai na tsuke bakin aljihu, sabulu da madara sai an yi layi. Kamfanin ya rufe, aka sallami ma'aikata. Baba ya sauko daga mota da akwatin kayan aikinsa da wani ɗan ƙullin leda.

Mutanen roba ne guda uku a cikin ledar, kowanne tsawon tafin hannu. Fararen kaya gare su, da hular kwano mai gilashi a fuska, hannuwansu da ƙafafunsu suna lanƙwasuwa. Ya tsince su ne cikin tarkacen da wani injiniya ya zubar da zai koma ƙasarsu. Na miƙa hannu, amma Baba ya wuce ni ya zuba su a cinyar Auta.

Auta ƙanena ne, shekararsa shida. Ƙafafunsa sun shanye tun yana koyon tafiya, saboda haka duniyarsa ba ta wuce tabarmar da ke gindin darbejiyar tsakar gida ba. Ya jujjuya mutanen nan ya daɗe, sannan ya ɗaga kai.

"Baba, waɗanga mutane, bisa mi suka tahiya?"

"Mutanen da ke zuwa wata ne. Jirgi gare su."

"To ina jirgin?"

Baba ya ce, "Za a yi musu."

Da farko ya zana shi da gawayi a bayan takardar buhun siminti. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na jin shi ma ya gani. Gaba kamar kan kifi, fukafukai biyu masu lanƙwasa baya, ƙafafu shida don ya yi tafiya a ƙasa in ya sauka. Ya auna ɗaya daga cikin mutanen da tsinke, tsinken nan ya zama ma'auninsa. Dole ƙofa ta ɗauki mutum a tsaye, dole kujera ta yi daidai da gwiwarsa. Ya haɗa ƙashin jirgin da wayoyin ƙafar keke. Ranar kasuwa yakan tafi har garin Shagari ya dawo da galan-galan na mai da gwangwanayen madara, ya farke su da almakashi, ya daddaƙe da gudumar katako har su kwanta. Gilashin tsohuwar fitilar mota ya zama tagar gaba. Gidan tocila guda uku suka zama bututun wuta na baya. Tayoyi da kujeru kuwa daga tsofaffin silifa ya yanka su. Ƙofar kaɗai sau uku yana ɓalle ta, don in an rufe ba ta yin ƙarar da yake so.

Da jirgin ya fara kama jiki, ya fi Auta tsawo in yana kwance. Kullum da hantsi Baba zai ɗauko Auta ya zaunar da shi a zaure. Auta ne mai ba da umurni, yana cewa a sa tsani, a yi wurin da za su ajiye ruwan sha. Baba zai amsa da "To, ranka shi daɗe," ya yi. Ni kuwa ina jin haushi. Ni ke da ƙafafu, ni ake aike, amma ba a taɓa ƙera mini ko motar kara ba.

Kakarmu, wadda muke kira Iya, ba ta son aikin nan ko kaɗan. Mutane sun fara magana a masallaci cewa rashin aiki ya taɓa Baba. Wata rana ta tsaya a ƙofar zaure da sandarta.

"Magidanci da iyali, ka zauna kana wasa da gwangwani? Mi kaka so a ce muna?"

Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Shi kaɗai ne abin da nika iya yi mashi."

A shekarar nan damina ta ƙi. Gero ya yi kai, ruwa ya ɗauke, ya bushe yana tsaye. Abin da muka ɗaure bai rufe gindin rumbu ba. Inna ta fara fitar da kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya tana sayarwa, tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Bayan girbi Baba ya bi 'yan ci-rani zuwa kurmi. Abu biyu suka rage a jirgin: liƙe fiffiken hagu, da fenti. Ya ce fenti mai ruwan azurfa zai samo. Ya ɗaure jirgin da igiya ya rataye shi a azarar zaure don kada awaki su taka, sannan ya dafa kaina.

"Kai ne babba. In Auta ya ce yana son ganin jirginai, ka goya shi ka kawo shi."

Na yi hakan wata ɗaya, wata biyu. Daga baya na fara gajiya. Auta ba shi da nauyi, amma in na kai shi ba ya son tashi, zai yi ta kallon sama yana ba mutanensa labari, abokaina kuwa suna jirana.

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwarmu. Ta kama Auta, aka kwantar da shi a ɗakin Inna. Wata rana na leƙa da rana tsaka, idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun tsage, yana rungume da mutanen nan uku. Ya ce in kai shi ya ga jirgi. Na ce sai an jima. Na fita, muka tafi lambun albasa wanka a bakin rijiya, ban dawo ba sai la'asar. Na tarar ba ya gane kowa. Kwana biyu bayan haka aka kai shi makwancinsa.

An ba wani direba saƙo, amma bai sami Baba ba. Sai da aka yi ruwan shuka Baba ya dawo, ya rame, da ɗan gwangwanin fenti a aljihun rigarsa. Dattawan da ke ƙofar gida suka miƙe tsaye gaba ɗaya da ganinsa. Ya tsaya cak, ya ajiye jakarsa a ƙasa. Sai ya ce a nuna masa kabarin.

Kwana uku yana karɓar gaisuwa. Da safiyar na huɗu ya kwance igiyar, ya sauko da jirgin, ya hura gawayi. Fiffiken ya ƙi tsayawa, yana sa dalma yana zamewa. Sai ga Iya ta shigo, ta jingine sandarta, ta durƙusa ta riƙe masa da hannu biyu. Ya liƙe, ya shafa fenti tun daga hanci har bututun baya. Da ya bushe ya karɓo mutanen daga wurin Inna, ya zaunar da kowanne a kujerarsa, ya rufe ƙofar, ya bi gefenta da dalma ya liƙe ta. Ya dube ni ya ce in ɗauka, nawa ne. Ban taɓa wasa da shi ba.

Yau zauren ya rushe, shagon cajin waya ne a wurin. Jirgin ya yi tsatsa, masu sayen tsohon ƙarfe suka tafi da shi wata shekara ina makaranta. Yarana kuwa motocinsu na shago ne, masu batir, in ɗaya ta karye a jefar a sayo wata. Baba ya rasu ban gaya masa abin da na yi ranar nan ba.

Bara na gaya wa Inna. Ta tsufa sosai, ba ta gani sai dishi-dishi. Ta saurare ni har na gama, tana jan carbinta. Sannan ta ce, "Bayan fitarka ni ma ya roƙe ni. Na ce mashi shi bari in gama daka."